Sharhi: A kama hannun maras lafiyar da ya koma wa sigari

A bakin ƙofar manyan asibitoci, daga Yamai zuwa Damagaram, ba a rasa mai tebur. A kan teburin akwai alawa, goro, ashana, katin waya, da kwalin sigari a buɗe ana sayarwa kara-kara. Cikin masu tsayawa su sayi kara ɗaya akwai ƴan jinya da suka kwana a kan tabarma a bakin ɗakin maras lafiyarsu. Akwai kuma marasa lafiyar da kansu: magidancin da ya fito daga wurin likita riƙe da takardar magani da hoton ƙirji, wanda wata shida da suka wuce ya rantse ya bar taba, kuma ya bar ta da gaske. Yau an shaida masa cutar ba ta tafi ba, ko an rubuta masa maganin da kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunsa. Kafin ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya riga ya kunna.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Uwargida ta ji warin a rigarsa, ta ce dama ta san ba zai iya ba. Abokan fada su yi dariya, su miƙo masa wani karan suna yi masa barka da dawowa. Idan ya koma asibiti, ko dai a rasa mai tambayarsa, ko a yi masa faɗa a gaban layin jama'a. Daga nan sai ya koyi ɓoyewa. Ya sha a lungu, ya tauna goro don kashe wari, ya ce wa likita ai tun bara ya daina. Ranar da ya fara ɓoyewa kuwa, ranar ce ya fita daga hannun duk wanda zai iya taimakonsa.

Komawa ga taba bayan an daina, musamman a tsakiyar rashin lafiya da ƙuncin rayuwa, ba alamar lalacewar hali ba ce. Hanya ce da mafi yawan waɗanda suka rabu da taba suka bi, wasunsu sau da dama. Abin da ke bambanta wanda ya tsira da wanda taba ta kai ƙasa shi ne ko ya sake gwadawa, da kuma ko ya samu mai riƙe shi a karo na biyu da na uku. A nan ne Nijar ke da giɓi. Dokar hani tana nan a rubuce, amma hanyar fita ga wanda ya riga ya kamu ba ta samu kulawar da ta kamata ba.

Sabon da ke zaune a ƙwaƙwalwa

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Sai dai wanda ke ɗaure mashayi guda ɗaya ne, wato nikotin. Da zarar an zuƙi hayaƙi, cikin ƴan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, ya sa mutum ya ji wani ɗan sauƙi. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, jiki ya fara neman ƙari. Wannan ne ya sa mashayi ke kunna wani karan bayan ɗan lokaci, ko da bai yi niyya ba.

Idan aka yanke masa nikotin gaba ɗaya, jiki na yin bore: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa da ƙuncin zuciya. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, sannan ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma akwai wani sabo na biyu da ke daɗewa fiye da haka. Ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa taba da wasu lokuta: kofin shayi na farko a fada, bayan cin tuwo, zaman jiran fasinja a tasha, bayan an sha ruwa a watan azumi, ko lokacin da rai ya ɓaci. Wannan haɗin kan iya kwanciya shiru wata da watanni, har ma shekaru, sannan ya farka rana ɗaya idan mummunan labari ya zo.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun nuna cewa idan mutum ya yi yunƙurin dainawa shi kaɗai ba tare da taimako ba, kusan yunƙuri 4 ne kawai cikin 100 ke kai ga nasara. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, aka wallafa a 2016, ya ƙiyasta cewa mashaya da yawa kan yi yunƙuri 30 ko fiye kafin su rabu da ita har abada. Ke nan mutumin da ya yi wata shida bai sha ba sannan ya koma, bai gaza fiye da sauran jama'a ba. Ya ma nuna abin da mashaya da yawa ba su taɓa nunawa ba: jikinsa na iya zama ba taba.

Sauƙin da ba sauƙi ba ne

Duk wanda ya koma wa sigari a lokacin tashin hankali, hujjarsa ɗaya ce: tana kwantar masa da hankali. Ba ƙarya yake yi ba game da abin da yake ji, amma fassarar ce ke da gyara. Yawancin sauƙin da mashayi ke samu daga kara ɗaya, sauƙi ne daga ƙishirwar nikotin da karan baya ya bari. Taba ce ke haƙa ramin, ita ce kuma ke cike shi na ɗan lokaci. A daidai wannan lokacin bugun zuciya na ƙaruwa, jini na hawa, jijiyoyin jini na tsukewa.

A 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa nazarin da ya tattara bincike 26 kan halin da mutane ke shiga bayan sun daina. An gano cewa bayan makonnin farko sun wuce, damuwa, fargaba da ƙuncin rai sun ragu ga waɗanda suka daina idan aka kwatanta su da waɗanda suka ci gaba da sha. Haka abin yake har ga masu fama da larurar ƙwaƙwalwa.

Wannan ba ya nufin damuwar ba ta da tushe. Magidancin da ke kwance ba ya fita nema, kuɗin haya na jiransa, ƴaƴa na jiran kuɗin makaranta, farashin buhun hatsi na hawa a lokacin bazara da farkon damina. Ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa saboda ƴan bindiga a yankin Maradi ko Tawa ba ya buƙatar a koya masa ma'anar tashin hankali. Sai dai taba ba ta biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan basussuka, ƙari take yi a kansu. Idan aka ƙaddara kara ɗaya sefa 25 ne, wato dala biyar, mai shan kara goma a rana na ƙona jika bakwai da rabi a wata, sama da jika 90 a shekara. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne tun daga 2024. Taba na cinye wa irin wannan ma'aikaci albashin sama da wata biyu a kowace shekara, ban da kuɗin maganin cutar da take ƙara rurawa.

Maras lafiya ne ya fi kowa cin riba

Akwai wata magana da ake yawan ji a ɗakunan jinya: tunda cutar ta riga ta kama, me ya rage? A bar shi ya sha abinsa. Wannan tausayi ne da ke kai mutum kushewa, domin maras lafiya ne ya fi kowa cin ribar dainawa, kuma ya fi kowa saurin ganin ta.

A ɗauki tarin fuka. Shan taba na ninka haɗarin kamuwa da cutar kusan sau biyu, yana kuma ƙara haɗarin dawowarta bayan an gama magani, da haɗarin mutuwa. Maganin na wata shida ne, kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Masu cutar da yawa kan daina taba da kansu a farko, saboda tari da zazzaɓi ba sa barin su su zuƙa. Haɗarin na zuwa ne bayan wata biyu, lokacin da tari ya lafa, abinci ya fara shiga, mutum ya koma fada. A nan ne ake komawa, a kan huhun da bai gama warkewa ba.

Haka abin yake ga mai hawan jini, wanda jama'a ke kira tansiyo, da mai ciwon zuciya. A cewar OMS, wanda ya daina taba bayan bugun zuciya ya rage haɗarin sake samun wani da kusan rabi. Mai ciwon suga da ke shan taba na tara lahani biyu a kan jijiyoyin jini ɗaya, abin da ke gaggauta lalacewar ƙoda, ido da ƙafa. Wanda za a yi wa tiyata, idan ya daina mako huɗu kafin aikin, miki ya fi saurin warkewa, matsalar numfashi bayan aiki ta fi ƙaranci. Mai asma kuwa, wanda ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki suka riga suka takura, ba ya da sauran wurin da zai ajiye hayaƙin sigari a ƙirjinsa.

Jiki kuma ba ya riƙe gaba. Duk lokacin da aka sake dainawa, gyara na farawa daga ranar. Cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka. Cikin awa 12 gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu sun inganta. Bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha. Wanda ya daina yana ɗan shekara 40 na iya samun ƙarin kimanin shekara 9 a kan abin da taba za ta bar masa, mai shekara 60 kuma kimanin 3. Watannin da mutum ya yi bai sha ba kafin ya koma, su ma ba su tafi a banza ba: hutu ne da zuciya da huhu suka samu, darasi ne kuma da zai yi amfani a karo na gaba.

Yadda ake sake tashi

Akwai bambanci tsakanin tuntuɓe da faɗuwa. Kara ɗaya a ranar baƙin ciki tuntuɓe ne. Abin da ke mayar da shi faɗuwa shi ne tunanin cewa tunda an karya alkawari, komai ya lalace, gara a sayi kwali. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka sha kara ɗaya kan zarce, shi ya sa ranar da aka yi tuntuɓen ita ce ranar ɗaukar mataki: a zubar da abin da ya rage, a gaya wa wani amintacce, kada a jira Litinin ko sabon wata.

Wanda ya riga ya zarce kuwa, abu na farko shi ne ya zauna ya tambayi kansa abin da ya kayar da shi. A ina ne, da wa yake tare, wane labari ya ji, ƙarfe nawa ne? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan ya tsayar da sabuwar rana nan kusa, cikin mako ɗaya ko biyu, ya sanar da iyali da abokai biyu ko uku, ya kawar da ashana da kwali daga ɗaki da aljihu. Sha'awar taba idan ta taso ba ta wuce ƴan mintoci take lafawa, kuma ana iya tsallake ta da kurɓar ruwa, aswaki, alwala, tattaki ko kiran wani a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ke jiran sakamakon gwaji ko ranar komawa wurin likita, ya kamata ya shirya tun da wuri wanda zai raka shi da abin da zai yi idan labarin bai yi daɗi ba.

Akwai wasu abubuwa uku da ba a cika gaya wa masu dainawa ba, alhali su ne ke mayar da mutane da yawa baya. Na farko, shayi. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa saurin kawar da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi, kofi da goro. Idan aka daina taba aka ci gaba da shan shayi mai kauri kamar da, sinadarin na taruwa a jiki, ya kawo rawar hannu, bugun ƙirji da rashin barci, mutum ya ɗauka rashin taba ne ke neman hallaka shi. Rage shayi da goro a makonnin farko na sauƙaƙa wannan. Na biyu, magunguna. Saboda wannan dalili na hanta, wasu magunguna, kamar teyofilin na masu asma da wasu na larurar ƙwaƙwalwa, kan buƙaci likita ya sake duba adadinsu idan an daina taba ko an koma mata. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a ɓoye wa likita gaskiya. Na uku, tari. Wasu kan ga tari da kaki sun ƙaru a makonnin farko yayin da huhu ke share kansa. Amma tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini, zazzaɓi ko rama, na buƙatar gwaji ba tare da jinkiri ba.

Sannan a yi hattara da ƙofofin da ba sa fitarwa. Ragewa zuwa kara ɗaya ko biyu a rana na iya zama matakin farko, amma ba masauki ba ne: wani nazari da BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Taba gari da ake haɗawa da kanwa a sa a baki, nikotin ɗin nan ne dai, tare da haɗarin cutar baki da dasashi. Shisha da matasa ke ɗauka wasa ce, zama ɗaya na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya kai na kara ɗari ko fiye. Wanda ya bar sigari ya kama tramol ko ƙwayar barci daga masu tallar magani a titi, an gudu ne ba a tsira ba.

Gida da fada

Iyali na da dalilin jin haushi. Su ne suka yi jinya, su ne suka sayar da akuya ko suka ci bashi, su ne kuma ke shaƙar hayaƙin a ɗaki ɗaya da yara. Hayaƙin wani na kashe sama da mutum miliyan ɗaya a duniya kowace shekara cikin waɗanda ba su taɓa kunna taba ba, daga cikin sama da miliyan 7 da taba ke kashewa. Don haka matar da ta ce ba za a sha a ɗaki ko kusa da yara ba, tana kan gaskiyarta, kuma bai kamata ta sassauta ba.

Amma tsare gida daga hayaƙi daban, tozarta maras lafiya daban. Gori na ƙara damuwa, damuwa kuma ita ce ta kayar da shi tun farko. Abin da ya fi amfani shi ne a tuna masa watannin da ya yi nasara, a tambaye shi yaushe zai sake farawa, a yi haƙuri da saurin fushinsa na makon farko, a kuma raka shi asibiti.

Fada kuwa ita ce wurin da aka fi faɗuwa, kuma ita ce za ta iya zama wurin da aka fi tashi. Ƴan fada sun saba haɗa kuɗi idan ɗayansu ya yi aure, ya yi suna ko ya kwanta asibiti. Ƙungiyar da ta iya biya wa aboki kuɗin magani, ba za ta kasa daina miƙa masa sigari ba. Kada a kunna a gabansa, kada a aike shi sayowa, kada a mayar da ƙoƙarinsa abin zolaya. Malamai da limamai su ma suna da rawar takawa, musamman a watan azumi, lokacin da mashayi ke yin sama da awa 12 kullum bai sha ba. Wa'azin da ya tsaya ga tsinuwa na korar mai laifi daga sahu. Wanda ya haɗa da nuna hanya da ƙarfafa gwiwa shi ke dawo da shi.

Rabin aikin da ya rage wa hukuma

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, kuma ranar 15 ga watan Mayun 2006 ta kafa doka mai lamba 2006-12, wadda ta hana tallar taba, ta taƙaita shan ta a wuraren taruwar jama'a. Ƙungiyoyin farar hula irin su SOS Tabagisme-Niger sun daɗe suna fafutuka a kai, kuma kowace ranar 31 ga watan Mayu ana jawabai da tarukan faɗakarwa. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai yarjejeniyar na da sashe na 14, wanda ya ɗora wa ƙasashe alhakin taimaka wa waɗanda suka riga suka kamu su daina. Hani na kare wanda bai fara ba. Wanda ya shekara 20 yana sha, ga ciwo ga talauci, allon gargaɗi kaɗai ba ya isar sa.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A watan Yulin 2024, lokacin da OMS ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yi wa manya maganin sabon taba, ta ce sama da kashi 60 cikin 100 na masu amfani da taba a duniya na son dainawa, amma kashi 70 cikin 100 ba su da inda za su samu taimako mai inganci. Abin da ƙa'idojin suka fara da shi kuwa ba ya buƙatar gini ko na'ura: shawara ce ta daƙiƙa 30 zuwa minti uku daga bakin ma'aikacin lafiya, a duk lokacin da ya ga maras lafiya.

Nan ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta fara. A sa tambayar shan taba cikin rajistar kowace cibiyar CSI da kowane asibiti, a riƙa yin ta kamar yadda ake auna zafin jiki, kuma a sake yin ta ga wanda ya ce ya daina, cikin lafazin da ba zai sa shi ƙarya ba. Cibiyoyin tarin fuka su ne wuri mafi dacewa a gwada wannan, tunda mai cutar na dawowa a kai a kai tsawon wata shida, ana kuma gwada kakinsa a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Kowace dawowa dama ce. Haka ma wuraren kula da masu hawan jini, ciwon suga da cutar sida, da wurin awon ciki, inda za a iya tambayar mace ko ana shan taba a ɗakinta.

Na biyu, magani. Cingam da filastar nikotin na cikin jerin muhimman magunguna na OMS tun 2009, an kuma ƙara bupropiyon da bareniklin a 2021. Haɗa magani da shawara na iya ninka damar nasara fiye da sau biyu. Ba kowane magani ne ya dace da kowa ba, misali ba a ba mai farfaɗiya bupropiyon, shi ya sa dole su bi ta hannun likita. Ya kamata hukumar ONPPC da ke samar wa ƙasa magunguna ta tabbatar ana samun su a farmasin gwamnati na jihohi, kan farashin da bai fi na sigarin da za su maye gurbinsa ba.

Na uku, horo da isar da saƙo. A koyar da dabarun taimakon masu dainawa a tsangayoyin likitanci na jami'o'in Yamai, Maradi da Damagaram da makarantun horar da malaman asibiti, tare da tallafa wa ma'aikatan lafiyar da su kansu ke sha. A buɗe layin waya na kyauta, a yi amfani da gidajen rediyon karkara da saƙon murya na WhatsApp cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci. Kuɗin wannan aiki na iya fitowa daga harajin taba kanta, idan aka ware masa wani kaso. Magadan gari kuma su zauna da masu tebur na bakin asibitoci a kan cire sigari daga kayansu, ta hanyar fahimtar juna, domin su ma abinci suke nema.

Za a iya cewa ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da matsalar tsaro na da abin da ya fi wannan gaggawa. Amma minti uku na shawara ba ya rage ko gidan sauro ɗaya. Abin da ke cin kuɗi shi ne gadon asibitin da mai tarin fuka zai sake kwanciya a kai, da wankin ƙoda, da jinyar shanyewar ɓarin jiki, da tafiya cibiyar ciwon daji a Yamai daga ƙauyen da ke nesa da ɗaruruwan kilomita. Za a kuma iya cewa shi ya sa kansa, shi zai fitar da kansa. Hakane, babu wanda zai daina wa wani. Sai dai mafi yawan mashaya sun fara ne tun suna samari, kafin su san abin da suke ɗauka, kuma ba a taɓa hana maras lafiya magani don yana da hannu a ciwonsa ba.

Magidancin nan da ya kunna kara a bakin ƙofar asibiti zai dawo, domin an ba shi ranar komawa. Zai zauna a gaban malamin asibiti, za a auna jininsa, a duba takardarsa. Abin da ake nema a wannan zama bai fi ƙarfin kowa ba: a tambaye shi ko ya koma wa taba, ya samu ƙarfin halin cewa e, a ce masa ba shi ne na farko ba, sannan a ɗauki alƙalami a rubuta ranar da zai sake farawa.